Yadda Ake Gane Ayon 'Yan Kallo a Haɗin Sinadaran da Ke Fitar da Diddiga

Idan aka ɗiga ruwan silba naitret a cikin ruwan gishiri, nan take haɗin yake yin fari kamar an zuba madara. In aka bar shi ɗan lokaci, farin zai kwanta a gindin kwalba, ruwa ya tsaya a sama, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan bokiti. Wannan daskararren abu da ya kwanta shi za mu riƙa kira diddiga. Ayon, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki, iri huɗu ne suka shiga kwalbar, amma biyu kacal suka haɗu suka ba da diddigar. Sauran biyun suna nan cikin ruwa yadda suka shigo, cajinsu bai sauya ba, yawansu bai ragu ba. Su ake kira ayon 'yan kallo. Kwatancinsu shi ne jama'ar da ke cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa: suna wurin daga farko har ƙarshe, amma ƙafarsu ba ta taɓa ƙwallo ba.

Tambaya a kan wannan tana zuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma wanda ya shiga ajin farko na kimiyya a Jami'ar Bayero zai sake karo da ita. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne haddace sunaye, a ce ayon kaza ɗan kallo ne, ayon kaza ba ɗan kallo ba ne. Ba sunan ayon ke mai da shi ɗan kallo ba. Abin da ya faru da shi a cikin wannan haɗin da ke gabanka shi ne hukunci, kuma ana gano shi ne ta hanyar fara neman diddiga.

Abin da ke cikin ruwan tun kafin a haɗa

Ayon ƙwayar zarra ce, ko gungun ƙwayoyi, mai ɗauke da cajin lantarki, ko na tarawa (+) ko na ɗebewa (−). Gishirin miya, NaCl, idan ya narke ba ya zama a dunƙule. Rabuwa yake yi zuwa Na⁺ da Cl⁻, kowanne yana yawonsa. Masanin ƙasar Suwidin Svante Arrhenius ne ya kafa wannan bayani a shekarun 1880, kuma a kansa aka ba shi kyautar Nobel a 1903. Saboda haka duk inda ka ga NaCl(aq) a takarda, ka karanta shi a zuciyarka a matsayin abu biyu rababbu. Alamar (aq) tana nufin narkakke a ruwa, (s) daskararre, (l) mai ruwa-ruwa, (g) iska. Waɗannan alamomi huɗu su ne rabin aikin.

Mataki na ɗaya: rubuta kowane sinadari daidai

Ka fara da fitar da ayon da ke cikin kowane ruwa tare da cajinsa. Silba naitret, AgNO₃, yana ba da Ag⁺ da NO₃⁻. Bariyam kuloraid, BaCl₂, yana ba da Ba²⁺ guda da Cl⁻ biyu. Gungu irin su NO₃⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻, OH⁻ da NH₄⁺ ba a fasa su, a dunƙule suke tafiya. Wanda ya raba SO₄²⁻ zuwa S da O ya ɓata lissafi tun daga tushe.

Mataki na biyu: yi musayar abokai

Kowane ayon mai + ya bar abokinsa ya koma wajen mai − na ɗaya ruwan. Sabon sinadarin da ya fito sai a rubuta shi bisa caji, ba bisa lambobin tsohon gidansa ba. Misali, idan Pb(NO₃)₂ ya haɗu da KI, dalma, wato Pb, tana da caji 2+, ayodaid yana da 1−, don haka PbI₂ za a samu, ba PbI ba. Ɗayan kuma KNO₃ ne. Daga nan a daidaita ikweshon ɗin, wato adadin kowace ƙwaya a hagu ya yi daidai da na dama:

Pb(NO₃)₂ + 2KI → PbI₂ + 2KNO₃

Mataki na uku: nemo wanda ba ya narkewa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin duk wanda ya kuskure a nan, sauran matakan ba za su cece shi ba. Cikin sababbin sinadarai biyun da suka fito, wanne ne ruwa ba zai iya riƙewa ba? Ƙa'idojin da ake bi ba su da yawa, kuma gara a bi su a jere, na farko ya rinjayi na baya.

Duk gishirin sodiyam, fotasiyam da amoniyam, wato sinadaran da ke ɗauke da Na⁺, K⁺ ko NH₄⁺, suna narkewa. Duk naitret yana narkewa. Waɗannan biyu kusan ba su da togiya a matakin sakandare, shi ya sa Na⁺, K⁺, NH₄⁺ da NO₃⁻ suka fi yawan zama 'yan kallo.

Kuloraid, buromaid da ayodaid suna narkewa, ban da na azurfa (silba, Ag) da na dalma. AgCl fari ne, AgBr fari ne mai ɗan sirkin rawaya, AgI rawaya ne mai haske, PbI₂ kuwa rawaya ne shar. PbCl₂ fari ne, yana kwanciya a ruwan sanyi amma yana narkewa a ruwan zafi.

Salfet yana narkewa, ban da na bariyam da na dalma. Na kalsiyam yana tsaka-tsaki: wajen giram 2 ke narkewa a lita guda, saboda haka yakan kwanta idan ruwan da aka haɗa mai ƙarfi ne, ya ƙi fitowa idan an tsinka shi sosai.

Kabonet da fosfet ba sa narkewa, sai na sodiyam, fotasiyam da amoniyam. Haidiroksaid ma haka, sai dai na bariyam yana narkewa, na kalsiyam kuma kaɗan.

A lura, kalmar "ba ya narkewa" ba ta nufin ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ruwa. AgCl yana narkewa wajen miligiram 2 a lita, gishirin miya kuwa wajen giram 360 a lita. Tazarar ce ta yi yawa har ake ɗaukar na farkon kamar sifili. Irin wannan rashin narkewa ne ya sa ake ba marar lafiya bariyam salfet ya sha kafin a ɗauki hoton cikinsa, alhali bariyam kuloraid, wanda ke narkewa, guba ne.

Idan ka gama, ka sa wa kowane sinadari alamarsa:

Pb(NO₃)₂(aq) + 2KI(aq) → PbI₂(s) + 2KNO₃(aq)

Mataki na huɗu: warware masu (aq), ka bar sauran

Duk gishirin da ke ɗauke da (aq) a raba shi zuwa ayon. Haka asid masu ƙarfi, HCl, HNO₃ da H₂SO₄, da alkali masu ƙarfi irin NaOH da KOH. Amma mai (s), mai (l) da mai (g) ba a taɓa su. Ruwa, H₂O, a dunƙule yake zama. Asid mai rauni kamar CH₃COOH ko H₂S shi ma ba a raba shi, domin kaɗan ne daga cikinsa ke rabuwa a ruwa.

Wajen rabawa akwai tarko guda. Ƙaramar lambar da ke ƙasan gungu ko ayon tana komawa gaba ta zama adadi. Pb(NO₃)₂ yana ba da Pb²⁺ da 2NO₃⁻, ba (NO₃)₂⁻ ba. BaCl₂ yana ba da 2Cl⁻, ba Cl₂ ba. Cl₂ iskar kulorin ce, wani abu daban. Idan kuma akwai lamba a gaban sinadarin, sai a ninka kowane ayon da ita: 2Na₃PO₄ yana ba da 6Na⁺ da 2PO₄³⁻.

Cikakken ikweshon na ayon ya zama:

Pb²⁺(aq) + 2NO₃⁻(aq) + 2K⁺(aq) + 2I⁻(aq) → PbI₂(s) + 2K⁺(aq) + 2NO₃⁻(aq)

Mataki na biyar: soke abin da bai sauya ba

Duba hagu, duba dama. Ayon da ya bayyana a ɓangarorin biyu da siffa ɗaya, caji ɗaya, kuma yana ɗauke da (aq) a duka biyun, shi ne ɗan kallo. Sharuɗɗan uku sai sun cika tare. A nan K⁺ da NO₃⁻ ne. Ka ja musu layi. Abin da ya rage shi ne tataccen ikweshon na ayon:

Pb²⁺(aq) + 2I⁻(aq) → PbI₂(s)

Kafin ka ɗaga biro, ka ƙirga caji. A hagu 2+ da 2− sun tashi sifili, a dama ma sifili. In ba su yi daidai ba, akwai lambar da ta salwanta a mataki na huɗu. Haka nan idan ka soke K⁺ biyu a hagu amma ɗaya ka gani a dama, ba a daidaita ikweshon ɗin tun farko ba. Idan duk lambobin da suka rage suna rabuwa da lamba guda, a rage su: 2Ag⁺ + 2Cl⁻ → 2AgCl ya koma Ag⁺ + Cl⁻ → AgCl.

Ayon guda, matsayi biyu

Ga dalilin da ya sa hadda ba ta wadatarwa. Ɗauki Cl⁻. A haɗin AgNO₃ da NaCl, shi ne ya kama Ag⁺ suka kwanta, don haka ɗan wasa ne, 'yan kallo su ne Na⁺ da NO₃⁻. Amma a wannan haɗin:

BaCl₂(aq) + Na₂SO₄(aq) → BaSO₄(s) + 2NaCl(aq)

diddigar BaSO₄ ce, fara, kuma Cl⁻ ya koma ɗan kallo tare da Na⁺. To SO₄²⁻ ɗin da ya yi aiki a nan fa? Zuba NaOH a cikin shuɗin ruwan kofa salfet:

CuSO₄(aq) + 2NaOH(aq) → Cu(OH)₂(s) + Na₂SO₄(aq)

Diddiga mai launin shuɗi-shuɗi za ta fito, wato Cu²⁺ + 2OH⁻ → Cu(OH)₂, shi kuwa SO₄²⁻ ya zama ɗan kallo. Ayon ɗin bai sauya hali ba, abokin da ya tarar ne ya sauya.

Wuraren da masu jarrabawa ke ɗana tarko

Akwai haɗin da kowa ɗan kallo ne. NaCl(aq) da KNO₃(aq) idan aka yi musu musaya, NaNO₃ da KCl ake samu, dukansu suna narkewa. Komai zai soke, ba abin da zai rage. Amsar ita ce ba a yi wani sauyi ba, kuma ba a rubuta tataccen ikweshon.

Akwai kuma wanda ba ɗan kallo ko guda:

Ba(OH)₂(aq) + H₂SO₄(aq) → BaSO₄(s) + 2H₂O(l)

Ba²⁺ da SO₄²⁻ sun kwanta, H⁺ da OH⁻ sun zama ruwa. Wannan gwaji ya cancanci kowane malami ya nuna shi a aji, domin ana gani da ido. Idan aka tsoma sanduna biyu masu ɗaukar lantarki a cikin ruwan Ba(OH)₂, aka jona su da batir da ƙaramin ƙwan fitila, ƙwan zai kama. Ana ɗiga asid ɗin yana dusashewa, har ya mutu a daidai lokacin da sinadaran suka cinye juna, domin ba sauran ayon da zai ɗauki lantarki. In aka ci gaba da ɗigawa sai ya sake kamawa. A haɗin AgNO₃ da NaCl kuwa ƙwan ba zai mutu ba, saboda 'yan kallo suna nan suna ɗaukar wutar. Haɗin Ba(OH)₂ da MgSO₄ shi ma ba shi da ɗan kallo, don diddiga biyu yake bayarwa a tare, BaSO₄ da Mg(OH)₂. Saboda haka ko ka sami diddiga a sinadari na farko, kada ka fasa duba na biyu.

Tarko na uku shi ne ayon da ya bayyana a ɓangare ɗaya kawai. Idan aka busa iskar H₂S cikin ruwan CuSO₄, baƙar diddiga ta CuS ke fitowa:

Cu²⁺(aq) + H₂S(g) → CuS(s) + 2H⁺(aq)

SO₄²⁻ ne kaɗai ɗan kallo. H⁺ yana yawo a ruwa a dama, amma a hagu yana ɗaure cikin H₂S, don haka ba a soke shi.

Na huɗu shi ne rikita ɗan kallo da ragowa. Wannan sai da lissafi. A haɗa mililita 20 na AgNO₃ da mililita 30 na NaCl, kowanne mai ƙarfin mol 0.1 a lita (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari). Ag⁺ mol 0.002 ne, Cl⁻ kuma mol 0.003. Za su haɗu ɗaya da ɗaya, a sami AgCl mol 0.002, wato giram 0.287 idan aka ninka da 143.5, nauyin mol ɗaya na AgCl a giram. Cl⁻ mol 0.001 zai saura a ruwa. Wannan saura bai mai da shi ɗan kallo ba, abokin haɗi ne ya ƙare masa. 'Yan kallo na gaskiya adadinsu bai motsa ba: Na⁺ mol 0.003, NO₃⁻ mol 0.002. Abin da ya sauya musu shi ne ƙarfi, tunda ruwan ya zama mililita 50. Na⁺ ya koma 0.06, NO₃⁻ 0.04, ragowar Cl⁻ 0.02. Ka ga 0.04 da 0.02 sun tashi 0.06, cajin + ya yi daidai da na −. Da wannan ƙirga ake tabbatar da amsa ba tare da an tambayi kowa ba.

Yadda ake tabbatarwa a ɗakin gwaji

Ana buƙatar kwalaben gwaji masu tsabta, abin ɗiga ruwa, mazurari, takardar tacewa da ma'aunin giram. Don samun ƙarfin mol 0.1 a lita, a narkar da waɗannan, kowanne daban, a cika shi zuwa mililita 100: AgNO₃ giram 1.70, NaCl giram 0.59, KI giram 1.66, Pb(NO₃)₂ giram 3.31, BaCl₂·2H₂O giram 2.44, busasshen Na₂SO₄ giram 1.42, CuSO₄·5H₂O giram 2.50, NaOH giram 0.40. Mililita 2 a kwalba ya isa gwaji guda, ɗayan kuma a riƙa sa shi ɗigo-ɗigo ana girgizawa.

Ruwan da za a narkar da su dole ya zama wanda aka tace ta hanyar tururi. Ruwan famfo, na burtsatse, na rijiya, har da na leda, yawanci suna ɗauke da Cl⁻, wasu da SO₄²⁻ da Ca²⁺. Da zarar AgNO₃ ya taɓa su sai su yi hazo tun kafin a fara gwajin, ɗalibi ya ɗauka sinadarinsa ne ya ba da diddiga. Kafin a fara, a ɗiga AgNO₃ sau biyu a cikin ruwan shi kaɗai. In ya yi hazo, a canza ruwa. A ajiye AgNO₃ a kwalba mai duhu, domin haske yana lalata shi, kuma yana baƙanta fata da tufafi. Ita ma diddigar AgCl in ta sha rana takan rine ta koma toka-toka mai sirkin shunayya, don haka a rubuta launinta nan take.

Hujja mafi sauƙi ita ce canza wanda ake zargi ɗan kallo ne. A jera kwalabe uku, a sa NaCl a ta farko, KCl a ta biyu, tsinkakken HCl a ta uku, a ɗiga AgNO₃ a kowacce. Farar diddiga iri ɗaya za a gani, kuma dukansu za su narke in aka ƙara ruwan amoniya. Tunda an sauya Na⁺ da K⁺ da H⁺ sakamako bai sauya ba, ba su da hannu a ciki. In kuwa aka sa NaNO₃ a kwalba ta huɗu, ba abin da zai fito, domin an cire Cl⁻ wanda shi ne mai aikin.

Hujja ta biyu ita ce nemo su bayan an tace. A tace haɗin, a tsoma tsaftatacciyar waya a ruwan da ya sauko, a kai ta harshen wuta. Sodiyam yana ba da rawaya mai ƙarfi, fotasiyam kuma launin shunayya mai haske. In aka ƙafar da ruwan a hankali, gishirin 'yan kallon zai bayyana a gindin mazubi.

Abubuwa uku ke yawan hana gwaji fitowa yadda takarda ta ce. Na farko zafi: PbCl₂ da PbI₂ suna narkewa a ruwan zafi, sai ya huce suke dawowa, PbI₂ ma yana dawowa ne da ƙyalli kamar garin zinariya. Na biyu zuba abu fiye da kima: Zn(OH)₂, Al(OH)₃ da Pb(OH)₂ farare ne, amma suna sake narkewa in NaOH ya yi yawa, Cu(OH)₂ kuma yana narkewa a amoniya mai yawa ya ba da shuɗi mai duhu. Wanda ya tuttula gaba ɗaya ba zai ga diddigar ba sam, ya rubuta cewa kowa ɗan kallo ne. Na uku kabonet: shi ma yana ba da farar diddiga da Ba²⁺ kamar salfet. Ana bambanta su da tsinkakken HCl, BaCO₃ zai narke yana kumfa, BaSO₄ zai zauna yadda yake.

Inda ake cin karo da su a gari

Wanda ya yi wanki da sabulu a ruwan rijiya mai nauyi ya san farin dattin da ke tasowa maimakon kumfa. Ca²⁺ da Mg²⁺ na ruwan ne suke kama ayon mai − na sabulun su zama diddiga, Na⁺ na sabulun yana kallo. Idan aka fara zuba sodar wanki, Na₂CO₃, sai a sami Ca²⁺ + CO₃²⁻ → CaCO₃, kalsiyam ya fita daga ruwa kafin sabulu ya shigo. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyam kabonet. Alif, wanda wasu ke cewa alam, da ake jefawa a ruwa mai laka, Al³⁺ ɗinsa ne ke zama Al(OH)₃ mai yauƙi ya janyo dattin ƙasa, SO₄²⁻ kuwa yana nan a ruwan.

Ga masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa, hanyar da aka sani ta cire kuromiyam daga ruwan aiki ita ce a sa alkali, Cr³⁺ + 3OH⁻ → Cr(OH)₃, diddiga mai launin kore-kore ta kwanta a kwashe. Sai dai Na⁺, Cl⁻ da SO₄²⁻ ba sa kwanciya, suna bin ruwan duk inda aka sake shi. An soke su a takarda, amma ba su bar ruwa ba, kuma gishirin da ya yi yawa yana illa ga ƙasar noma.

Wannan ya shafi ɗakin gwajin makaranta ma. Ragowar haɗin da ke da dalma, bariyam, azurfa ko tagulla (kofa, Cu) kada a zuba shi a kwata. A tanadi jarka guda mai murfi, a rubuta sunanta a jiki, a tara su a ciki. Idan ruwan bariyam ne ya saura, a ƙara masa Na₂SO₄ ɗigo-ɗigo har farin ya daina fitowa, a bar shi ya kwana, a ɗiga sau ɗaya a ruwan saman don a tabbatar ba sauran Ba²⁺, sannan a tace diddigar a ajiye ta daban. Duk wanda ya taɓa waɗannan sinadarai ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita.